Harshen Hajiya Rabi Ba Ma'aunin Soda Ba Ne

Zuwa ga Hajiya Shugabar ƙungiyar da ta koya wa matan ƙauyenmu haɗa sabulu da man shafawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali da ma'aikatanki. Ni tsohon manomi ne a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur, ban saba rubuta wa manya ba. Na rubuto a fili ne don na ji za ku kai koyarwarku Mahuta bayan girbi, kuma ina so labarin gidana ya riga ku isa can.

Matata, Hajiya Rabi, tun tana budurwa take dafa sabulun salo. Wurin kakarta ta koya: a tace toka, a dafa ruwan da man kaɗe, in an kusa saukewa a lakato kaɗan a bakin muciya, a taɓa da tsinin harshe. In ya yi cizo, a ƙara mai. In ya lafa, ya nuna. Duk mai sabulu a nan haka take yi, don ruwan toka tsohon kare ne, haushi yake yi, haƙoran sun zube.

Da bazarar bana 'yan matanku suka zaunar da matanmu kwana uku a firamare. Suka kawo wani farin abu mai kama da sukari, suka ce soda ce: da yawa a sabulu, ɗan kaɗan a man shafawa da man gashi don daidaita tsami da kaifi. Aka raba takardun shaida, aka ɗauki hoto. Rabi ta dawo tana murna ta huta da tatar toka.

Ranar da ta fara haɗawa ita kaɗai, ta yi abin da hannunta ya saba tun ba a haifi masu koyarwar ba. Ta kai muciya baki. Ashe akwai sodar da ba ta narke ba, kuma cikin firgita ta haɗiye. Maƙwabta, Allah ya saka musu da niyyarsu, suka ɗura mata manja don ta yi amai. Likita a Funtua ya ce aman nan shi ya ƙara ɓarna, don wutar da ta bi maƙogwaro da shiga ta sake bin sa da fita. Ya ce ciwon baki zai warke. Wanda yake tsoro shi ne na ciki, don yakan warke da tabo, tabon ya riƙa tsuke hanyar abinci a hankali, bayan kowa ya gama zuwa dubiya.

Ga ƙorafina, ranki ya daɗe.

Na ɗaya, 'yan matanku sun tambayi matanmu sunayensu da shekarunsu, amma ba wadda ta tambaye su yadda suke gane sabulu ya nuna. Da sun tambaya, da sun ji amsa ɗaya daga kowane baki. An faɗa musu a sa safar hannu, gaskiya ne. Ba a yi maganar harshe ba, don mai koyarwa ba ta san da shi ake awo ba.

Na biyu, 'yar takardar gwaji mai canza launi da aka nuna musu don gane nunar sabulu, da masu koyarwa ta koma cikin mota. Na neme ta a kasuwarmu, masu kayan haɗi ba su ma san sunanta ba. An ba matanmu kura, an tafi da takunkumin.

Na uku, sodar kanta. A ƙulle take a farar leda, babu suna, babu gargaɗi, tire ɗaya da kanwa da alif. Da gwangwanin madara ake aunawa. A gidajenmu kuwa duk farin ƙulli madafa yake nufa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kada a sake buɗe aji sai an fara da cewa ba a ɗanɗana wannan sabulu, kuma wanda ya haɗiyi soda ba a sa shi amai, a kurkure masa baki da ruwa a garzaya asibiti. A bar wa kowace mace takardar gwaji da sikeli. Ku kuma yi amfani da bakinku wurin hukuma, a hana sayar da soda ba tare da suna da alamar haɗari da Hausa ba. Sannan ku dawo ƙauyenmu. Matan da suka zauna aji da Rabi suna nan suna haɗawa, wasu har cewa suke tsautsayi ne kawai ya hau ta.

Ita kuwa, tuwo ya daina wucewa tun makon jiya. Muka koma fate. Shekaranjiya faten ma ya tsaya, yanzu kunu take sha. Da safiyar nan na ga ta tace kunun sau biyu, ta ƙara masa ruwa, tana waiwaye kada in gani. Jibi za mu koma Funtua.

Allah ya yi miki jagora, ya tsare iyalinki, ya sa a ji wannan kafin a hau motar Mahuta.

Wassalam.

Malam Sule, mijin Hajiya Rabi.