Kada a Sare Giginyar Shaho

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Yau shekara goma sha ɗaya da wata huɗu rabona da gida. Ni ne Barau ɗan Audu, mutumin Dosara ta ƙasar Maradun, maigadi a birnin Ikko. Da hannuna nake rubuta wagga takarda, hankalina ɗaya, ba wanda ya tsaya a kaina ya ce rubuta kaza. Ƙafafuna ne sunka kumbura, numfashi ya gajarta, matakalar da nake hawa sau huɗu a yini yanzu ko sau ɗaya ta gagare ni. Likita ya faɗi nasa, ni ma jikina ya faɗa mini. Shaiduna biyu: Malam Gidaɗo, limamin masallacinmu na Obalende, da Ɗantani abokin aikina.

Zuwa ga ɗiyana uku, Tukur da Sanusi da Batulu, da mahaifiyarku Nagode. A karanta muku a zaure ɗaya, zama ɗaya. In Sanusi bai iso ba, a naɗe takardar a jira shi.

Na ɗaya. In ta Allah ta kasance, a binne ni nan inda rai ya fita. Kada wani ya wahalar da kansa da ɗauko gawa. A kai ni ina? Maƙabartar da ubana da kakana ke kwance tana ƙarƙashin ruwan madatsar Bakolori, kifi na kiwo a kanta. Ƙasar Allah ɗaya ce.

Na biyu. Gado Allah ya riga ya raba shi, ba ni da bakin ƙarawa ko ragewa. A kira malami ya raba yadda shari'a ta ce. Ba a bina komai, ni ma ba na bin kowa. Waɗanda sunka auna gonakina da igiya don biyan diyya, sunka rubuta rabin abin da ke ƙasa, na bar su da Allah. Ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙarya a bakin kabari in ce na yafe ba. Amma ban bar muku gadon ƙiyayya ba. Wanga nauyi nawa ne, da ni za a rufe shi.

Na uku, kuma shi ne dalilin takardar: giginyar da ke kusurwar gonarmu ta Bakura.

Batulu tana ƙarama lokacin, bari in faɗa don ta sani. Da ruwa ya ci Dosara, abin da ya rage mana shi ne wagga gona da na gada ta wajen mahaifiyata. Ita ma katafila ta shiga ta baje ta don aikin ban ruwa. Kuka, tsamiya, ɗorawa, duk anka tuge. Shekara uku ba shuka, sannan anka maido mana da ita ta ragu. Giginya guda ta tsira a bakin kanal, don kawai direban katafilar a gindinta yake ajiye kwanon abincinsa. Abin da ya biyo baya a shekarar tamanin, da 'yan sanda sunka buɗe wa manoma wuta, kun sani, ba zan maimaita ba. Bayan nan ne na kasa kallon ƙasar, na hau mota.

Da anka fara noman alkama da rani, sai tsuntsayen jan baki sunka sauko kamar hadari. Kowa ya yi rumfa a gona, ya ja igiya da gwangwanaye, yini ake ana ihu ana wurga majajjawa. Sai magana ta bazu cewa itace shi ke tara tsuntsu, duk mai sauran itace a gona ya sare. Kowa ya sare. Tukur ya aiko mini cewa zai kayar da giginyar, ya huta da tsuntsu, ya kuma sami azarar rufa ɗakinsa da damina ke zuba. Na ce a sare. Ni na ce, da bakina, ta hannun direban motar albasa.

Ranar da masu gatari sunka zo, Sanusi ya jingina bayansa da giginyar ya ƙi matsawa. Hujjarsa ita ce shaho na ƙyanƙyasa a samanta, cikin tsohuwar sheƙar hankaka, kuma alkamar da ke kusa da ita ta fi ta nesa tsira. Anka yi masa dariya. Masu gatari sunka ce ba sa sare itacen da 'yan gida ɗaya ke jayayya a kansa, sunka tafi. Da labari ya iso ni, na aika da maganar da kunka sani: ɗan da ya fifita tsuntsu a kan umarnin ubansa, kada ya ƙara taka mini zaure. Sanusi ya kwashe kayansa ya koma Talata Mafara gyaran injin ban ruwa. Shekara bakwai ke nan shi da wansa ko gaisuwar Salla ba ta haɗa su. Kuma na ji, Tukur, ka ce da an raba gado giginyar za ta faɗi.

Na huɗu. Ku saurari abin da idona ya gani, don ba mafarki na yi ba.

Benen da nake gadi hawa goma sha shida ne. Cikin aikina har da duba tankunan ruwa a can ƙololuwa. Shekaruna na fari, tattabaru sun maida wurin gidansu, kullum sai na kankare kashinsu daga murfin tanki, washegari kamar ban taɓa ba. Shekara biyar da sunka wuce, wata safiya na tarar da fukafukan tattabara guda biyu a ƙasa, haɗe da ƙashin ƙirji, an cinye naman tas. Na ɗaga kai, ga shaho a kan ƙarfen allon talla. Bai yi kama da namu na gida sosai ba: kansa baƙi kamar ya sa hula, ga saje har wuya, bayansa ruwan toka, ƙirjinsa da zane-zane. Su biyu ne. Wadda ta fi girma ita ce macen, wannan sai daga baya na gane.

Ba su yi sheƙa ba. Cikin magudanar ruwan sama, bayan allon, inda tsakuwa ta taru, macen ta murza wuri da ƙirjinta ta zuba ƙwai uku, jajaye kamar ƙasar tukunya. Wata ɗaya da 'yan kwanaki tana kwanci, namijin na karɓarta in za ta ci abinci. 'Ya'yan sunka fito farare fat kamar kaɗa. Wani tsohon injiniya da ke gyaran lif ya ga ina leƙe da ido tsirara, ya ba ni madubin hangen nesa wanda ido ɗaya ya fashe. Da shi nake zama bayan tanki in na gama aiki.

Na shiga ƙirga da tsinken ashana: duk tsuntsun da anka kawo wa 'ya'yan, tsinke ɗaya a aljihun hagu. Ranar da ta fi ƙaranci huɗu, akwai ranar da na ƙirga tara. Amma ba abin da sunka kashe ne ya girgiza ni ba. Kafin 'ya'yan su yi gashi, tattabarun nan ɗari da wani abu sun watse, sun koma benen da ke tsallaken titi. Na yi wata biyu ban kankare murfin tanki ba. Shaho ba sai ya kama ba, inuwarsa ta isa. Sai na duba lokaci: ƙarshen sanyi ne, daidai lokacin da alkama ke nuna a Bakura. Wato sa'ad da jan baki ke sauka a gona, sa'ad nan shahon giginya ke da bakuna uku na ciyarwa. Mu da kanmu munka sare gidajen masu gadinmu, sannan munka tsaya cikin rana muna kaɗa gwangwani. Sanusi ya gani yana ɗan shekara goma sha tara. Ni sai da na tsufa, na hau sama hawa goma sha shida.

Akwai darasi na biyu, shi ya fi ciwo. In 'ya'yan sun kai sati shida, iyayen kan rage musu abinci, su riƙa giftawa da nama a ƙafa don su biyo su. Na ce a raina, to, ko tsuntsu ma yana korar ɗansa. A shekara ta biyu ɗaya ya yi gaggawa, ya faɗo kan wata 'yar baranda a hawa na goma sha ɗaya, ya kasa komawa. Kwana tara uwar na sauka tana kai masa rabonsa a can, har ya tashi da kansa. Ni da na kori nawa, ko loma ban bi shi da ita ba.

Shekara huɗu ke nan da sanin wanga abu. Sau nawa na sayi takarda na ajiye. Girman kai ne, ba wani abu ba, kuma shi ya ƙara muku shekara huɗu a kan uku.

Na biyar. Shari'a ta ba ni iko da sulusin abin da na mallaka. Daga ciki na fitar da giginyar nan da taki goma kewaye da ita, na yi wakafi saboda Allah. Ba ta cikin gado, ba ta Tukur ba ce, ba ta Sanusi ba. Ba a sare ta, ba a hawanta daga shigowar sanyi har a gama yankan alkama. 'Ya'yanta in sun faɗo, na mai wucewa ne. A kai maganar gaban liman da maigari a rubuta. In masu neman ɗan shaho don haɗa magani sun zo, a sallame su. Nan ma sun zo mini har sau uku, na ce ban san hanyar sama ba. Na kuma bar wa Ɗantani amana kada ya share magudanar nan in ya ga ƙwai.

Na shida. Sanusi, na janye maganata. Na janye ta gaban shaidu biyu, da rana tsaka, ba cikin zafin ciwo ba. Kai ke da gaskiya, ubanka ya yi kuskure. Zauren gidan nan naka ne kamar yadda yake na wanka. Abu ɗaya zan faɗa maka don adalci: gaskiyarka ba ta ba ka izinin ɗaga wa wanka murya gaban baƙi ba, kuma an ce ka yi. Wannan ka nemi gafararsa. Madubin na ba ka kyauta tun da raina, yana hannun Malam Gidaɗo. Ka duba mini bakin tafki da shi. A fadamar Dosara muna yara akwai gauraka da dinya da kirinjijiya, zalɓe na tsaye cikin ruwa kamar mai jiran sammaci, shamuwa kuwa ita ke gaya wa ubana ya gyara garma. Ban san waɗanne sunka zauna ba, waɗanne sunka yi ƙaura irin tawa.

Na bakwai. Batulu, shekara bakwai kina ɗaukar saƙo tsakanin maza biyu, kina rage masa ɗaci a hanya kafin ki isar. Na sani. Ki sauke wanga kaya, ba naki ba ne. Nagode, an ce inuwar giginya na nesa ka sha. Haka na zame miki: na yi gadin gidan wasu shekara goma sha ɗaya, nawa na bar miki. Ki yafe mini don Allah.

Na takwas. Tukur, kada ka ji kamar an kayar da kai. Ba ka yi laifi ba, umarnina ka bi, kuma kai ka tsaya kan gonar da iyali lokacin da ni na gudu. Buƙatarka ma gaskiya ce: mutum ba ya kwana ruwa na zuba kan 'ya'yansa don tsuntsu ya ji daɗi. Ban hana ka azara in bar ka a fili ba. Tun shekarar da na gane kuskurena nake sayen kwanon rufi falle-falle, duk watan da hali ya yi, ina tarawa a bayan masallaci. Na ba ka shi kyauta tun da raina, direban motar albasa zai kawo.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kunka haifa. Allah ya tsare ku daga hannun mai igiyar awo, ya ba ku ruwa a kan kari. Ku ci a ƙwarya ɗaya ranar da anka karanta wagga takarda, kafin kowa ya tashi, uwarku na kallo. Ruwa ya raba mu da ƙasa, wannan ba da hannunmu ba ne. Wanda ya raba ku ni ne, kuma na cire hannuna.

Ga abin da na iya tarawa. Katakon rufi ashirin da huɗu. Ƙusa kwali biyu. Kwano falle talatin da ɗaya. Kafinta ya ce ɗaki irin na Tukur arba'in yake ci. Saura tara, ban kai ba. Sanusi, kai za ka cike su, kuma kai za ka hau ka buga, wanka na miƙo maka daga ƙasa.

Barau ɗan Audu Dosara, Ikko.