Man Gyaɗa a Sitiyari

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025
Yau na gano inda man gyaɗata ke tafiya. Kwanaki ina yi wa Zulaiha, matar ɗana Shafi'u, faɗan ɓarna a girki, ashe mijinta ne ke ɗura shi a sitiyarin taraktar da mijina, marigayi Malam, ya bari. Tiyon sitiyarin yana yoyo, shi kuma ya naɗe shi da robar tayar keke, duk sanda mai ya tsiyaye sai ya ɗebo nawa ya ƙara. Da na tsare shi, cewa ya yi, "Umma, ai yana juyawa da shi." Abin da Allah ya yi don ciki, a zuba wa ƙarfe. Na yi masa faɗan da ya dace. Magidanci guda, amma komai sai gajeriyar hanya.

Talata, 4 ga Nuwamba
Ba man ne ya dame ni ba. Alhamis manoma, har da Shafi'u, za su tafi Kusasu kwaso masara, a ayari, don babu mai bin hanyar dajin nan shi kaɗai. In sitiyari ya ƙage masa a can fa? Tsayawa a wurin nan ba tsayawa ba ce. Na ce ko a gyara, ko masarar ta ruɓe a gona, shi dai ba zai fita ba. Na kuma maimaita abin da nake faɗa tun rasuwar Malam: a sayar da tsohon ƙarfen nan kowa ya huta. Ya sunkuyar da kai. Haka ubansa yake yi.

Laraba, 5 ga Nuwamba
Nathaniel bakanike ya zo daga Kazage. Da ya buɗe ya sansana tankin, sai ya tambaye ni ko ƙosai za a soya. Ban yi dariya ba. Ya ce tiyo biyu sun tsage, man gyaɗar kuma ya yi danƙo, dole a wanke. Suka kwance, suka ɗaura sababbi, ƙofar gidana ta zama gareji.

Da suka zuba man gaskiya, ya ce saura fitar da iska: an ɗaga gaban taraktar, sai wani ya hau yana juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, shi yana ƙasa yana duba mahaɗa, Shafi'u yana ƙara mai. Babu kowa a kusa, Zulaiha ga tsohon ciki. Nathaniel ya ce, "Mama, sai ke." Na ce a shekaruna? Amma la'asar ta gota.

Na hau. Buhun da Malam ya ninke a kan kujerar yana nan, da lotsawarsa. Ban taɓa zama a kai ba, ko yana raye. Da farko sitiyarin ya yi tauri yana kuka, na juya har kafaɗata ta amsa. Can sai ya saki, ya yi laushi. Shafi'u ya ce kumfa ta daina tasowa. Aka shimfiɗa kwali a ƙasa, ko ɗigo.

Alhamis, 6 ga Nuwamba
Sun tafi bayan asuba. Babu sabis a can. Na tsince shinkafar da na riga na tsince jiya.

Juma'a, 7 ga Nuwamba
Sun dawo jiya kafin magariba, tirela cike. Alhamdu lillahi. Tun daga kwanar masallaci na gane ƙarar taraktar. Shafi'u ya ce a gangaren rafi wata motar ta lalace, shi ya kauce mata da hannu ɗaya, har ya jawo ta zuwa gari. Na ce ba abin alfahari ba ne, ya je ya yi wanka. Sai da na shiga ɗaki na zauna na yi ta hamdala.

Lahadi, 9 ga Nuwamba
Dillalin da na yi wa maganar taraktar ya zo. Na aika a ce masa ina hutawa. Ba wai na fasa ba ne, kawai ba a gama kwasar dawa ba.

Zulaiha ta ɗauki zanen da na hau da shi za ta wanke, akwai tabon mai a gefe. Na ce ta bar shi tukuna. Na ba ta makullin siton kayan abinci, nauyi yake mini a haɓar zane.