Ni Na Tsara Launin, Kamilu Ake Yabo

Malam Dabo, don Allah ka taimake ni kafin in aikata abin da zan yi nadama. Ni ma'aikacin wucin gadi ne a wani shirin tallafa wa manoma da ke aiki tsakanin Makoɗa da Ɗanbatta. Aikinmu tattara alƙaluman amfanin gona, gyaɗa da gero, mu zuba su cikin wata manhajar ƙididdiga da ake kira R, ta fitar mana da zane.

Zanen da take fitarwa da kanta ba ya yi wa manomanmu amfani. Rubutu ƙanana, launi barkatai, idan an haska da majigi a bangon firamare sai dattawa su yi ta murza ido. Na zauna na gyara. Na ƙara girman rubutu, na kaurara layuka, na tsayar da cewa kore shi ne sabon iri, ja kuma tsohon iri, a kowane zane. Har wanda bai yi boko ba yana kallo ya gane wanne ya fi ba da buhu. Sai na adana tsarin duka a fayil guda, yadda layi ɗaya za ka rubuta ka kira shi, zanenka ya fito tsaf.

Kamilu abokina ne, ƙauyenmu ɗaya, babur ɗaya muke hawa zuwa ofis. Da ya roƙa, na ajiye masa fayil ɗin a ma'ajiyar kwamfuta da muke amfani da ita tare. Shi kuwa Allah ya ba shi baki. Ya gabatar da zanensa gaban shugabarmu, Hajiya Aina'u, ta yi ta yabon kyansa, shi kuma sai murmushi yake kamar ango, bai ko kalli inda nake ba. Yanzu shi aka zaɓa ya je taron Kano, kuma ana raɗe-raɗin wanda ya je shi za a ba aikin dindindin. Wallahi kishi nake, ba zan ɓoye ba. Ko tarinsa na ji a bayana kan babur sai raina ya ɓaci.

Ga abin da zuciyata ke raya mini. Har yau daga waccan ma'ajiya zanensa ke ɗauko tsarin, kuma bai taɓa buɗe fayil ɗin ya ga abin da ke ciki ba. Idan na juya kore ya koma ja, ja ya koma kore, zai tsaya gaban manya yana yabon sabon iri, zane yana ƙaryata shi. Ni na yi abina, ba ni da ikon taɓa shi?

Wanda Aka Manta, daga Makoɗa

AMSA

Ɗana, ban san R ba, amma na san kishi, kuma na gode da ka kira shi da sunansa.

Kana da gaskiya a wuri ɗaya. Kamilu ya yi kuskure da ya haɗiye yabon da rabinsa naka ne. Sai dai ka yi masa adalci: alƙaluman shi ya tattara, bayanin shi ya yi. Kai kuma don a sake amfani da tsarin ka adana shi, kuma ga shi ya yi aiki har a hannun wani. Wannan shaida ce a kan gwanintarka.

Batun juya launi kuwa, cire hannunka. Kai ka koya wa manoma cewa kore ne abin bi. Zanen nan ba a Kano zai tsaya ba, za a buga shi a kai ƙauyuka kafin damina. Dattijon da ya yarda da kai zai ga kore a kan tsohon iri, ya sayar da akuyarsa ya saye shi. Kamilu kunyar yini guda zai ji, dattijon kuwa da iyalinsa shekara za su yi suna biya.

Ka rubuta sunanka da ranar da ka tsara shi a saman fayil ɗin. Ka je wurin Hajiya Aina'u, ba da ƙara ba, ka nuna mata tsarin, ka nemi ta ba ka dama ka koya wa sauran ma'aikata. Kafin nan, ka samu Kamilu ku biyu ka gaya masa ka ji zafi, ka ce ya ambace ka a taron. Idan ya yi, abokinka yana nan. Idan ya ƙi, ka san da wa kake tare.

Ba zan yi maka alkawarin aikin ba, mai yiwuwa shi zai samu. Amma gara ka rasa aiki da a ce ba a iya barin ka da fayil. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya kawo naka rabon da alheri.

Malam Dabo