Hoton Kaka a Bangon Aji

Gwaggo Maisie,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, yaya su Baba Clarrie da yara? Ni lafiya lau, sanyin birnin Adelaide ne kawai, kuma ina cin abinci idan na tuna.

Gwaggo, raina a ɓace yake. Ranar Talata malamin da ke koyar da al'adun mutanenmu a jami'a ya haska hoton marigayi Kaka a bangon aji, ya kira sunansa a fili, sunan da ko a gida mun daina faɗa tun rasuwarsa, kamar yadda al'adarmu ta tanada. Wai shi ne na ƙarshe mai jin harshenmu. Na miƙe na ce masa cikin harshen namu, "Sauke hoton kakana." Ya yi murmushi ya ce, "Madalla, Renisha, ko za ki maimaita in ɗauka a waya?" Na fice daga ajin.

Jami'a ta ce sai dattawa sun rubuto za a cire hoton. Don Allah ki tara su. Ku rubuta da harshenmu, kada ku fassara ko kalma ɗaya. Tunda sun ce harshen ya mutu, sai mu ga wanda zai karanta musu.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Renisha