Zaren Dutsen da Ya Zauna a Ƙirjin Hamidu

Zuwa ga Alhaji mai kamfanin fasa dutse, wanda kamiyonsa ke kwasar ma'aikata daga tashar Gaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka, ni ce Hadiza mai bandar kifi a bakin kogi, matar marigayi Hamidu, wanda ya yi maka aiki a tsaunin nan na ƙetaren iyaka farkon aurenmu. Na je ƙofarka ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, dutsen kansa. Da Hamidu ya zo hutu ya kawo wani guntu kore-kore. Ya ɓantare shi, sai ga farin zare a ciki, mai sheƙi, mai laushi kamar auduga. Na jefa zaren cikin garwashin banda. Itace ya cinye ya zama toka, shi kuwa ya fito fari fat kamar an wanke shi. Maƙwabta suka taru, limamin unguwa ya yi ta juya shi a tafin hannu yana tasbihi. Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi: Allah ya tsirar da auduga a cikin dutse, ba ruwa ba rana, ya kuma hana wuta cin ta.

Na biyu, Hamidu ya bar aikinka ya koma kamun kifi, lafiya lau, sama da shekara ashirin. Sai numfashi ya soma gagararsa. Mutumin da ke tuƙa kwalekwale yini guda ya koma ba ya kai masallaci sai ya tsaya ya dafa bango. A Yamai aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya tambayi aikin da ya taɓa yi. Da ya ji labarin zaren, ya ce sunansa amiyant. Ya ce in an fasa dutsen, zaren kan tashi cikin ƙura, ido ba ya ganinsa, ya shige huhu ya zauna, jiki kuma ba ya iya narkar da shi. A hanyar dawowa Hamidu bai zagi kowa ba. Mamaki kawai yake ta yi, wai tsaunin da ya baro tun yana ango ashe yana nan cikin ƙirjinsa. Ya rasu bayan ƙaramar salla.

Na uku, ni na riƙa kakkaɓe rigunan aikinsa kafin wanki. An ce ni ma in riƙa zuwa ana duba ni.

Alhaji, ban ce ka san wannan a wancan lokaci ba. Amma yanzu ka ji, kuma har gobe samarin ƙauyukan Bana da Karakara suna hawa motarka da ƙyalle kawai a hanci. Ina roƙonka ka sa masana su binciki tsaunin, inda zaren yake a daina fasawa. Ka nemo tsofaffin ma'aikatanka da matansu a duba su. Wanda zai hau motarka kuma a gaya masa gaskiya tun a tasha, da Hausa da Dandanci.

Allah ya ƙara maka arziki mai albarka, ya raya zuriyarka, ya bar ka da numfashi mai sauƙi har ƙarshen kwananka. Na zauna kusa da wanda ya rasa shi, na san abin da nake roƙa maka.

Wassalam.

Hadiza, matar marigayi Hamidu, Gaya.