Ƙafafunki a Gadon Bayana

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina tambayar jikin maigidanki, da fatan yara suna lafiya.

Ƙanwarki Luba ta faɗa min cewa tun da likitoci suka sa wa maigidanki ranar aiki wuyanki ya sage, kafaɗunki kamar an ɗaure su da igiya. Ta ce kina haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki ba ki sa komai a ciki ba. Ni kuwa a waya kullum sai ki ce min lafiya lau. Ban rene ki a kan ɓoye wa uwa ciwo ba, kuma jikin nan amana ne, za a tambaye ki shi.

Wannan ciwon na san shi. Zamanin da ba a raba jihar Sakkwato ba, muna zaune nan Maiyama, marigayi babanki yana jan babbar mota, yana kai albasar Aliero kudu. Babu waya. Idan ya tafi, sai dai ranar da muka ji hon ɗinsa. Wuyana yakan ƙi juyawa, ko sallamar salla sai na juya da kafaɗa. Na sha ƙwayoyin kemis na Jega har cikina ya fara zafi.

Kin tuna Maman Rahila, malamar firamare daga Zuru da katanga ɗaya ta raba mu? Ita ta lura ciwon yana zuwa ne ranar da mota ta tashi. Ta ce min, "Maman Hauwa'u, ba ƙashi na ba, zullumi na."

Bayan la'asar takan shimfiɗa min tabarma a gindin dogon yaro. Ta tsoma zane a ruwan zafi ta gasa min wuya, ta shafa man kaɗe, ta ce in ja numfashi a hankali in saki haƙorana. Sannan ta ɗora ki a bayana, ke kina riƙe da yatsanta, kina takawa daga ƙugu zuwa kafaɗa. Dokarta ɗaya ce: muddin kina takawa, ni sai in riƙa faɗin abin da nake tsoro da bakina. Gada, birki, ɓarayin hanya, maraicinki.

Har yau nakan ji ƙafafun nan. Ɗumi gare su, da ɗan yashi a tafinsu. Inuwar ganye tana yawo a kan tabarma, wata tana daka a nesa, ke kina ƙyalƙyala dariya kina cewa kina haye gulbi. Wani lokaci sai in ga kamar ni ce gulbin, ina tafiya a hankali, babu abin da na riƙe. Nakan farka in tarar rana ta yi ja, wuyana ya saki.

Don haka ki ji. Ki ci abinci, ki ajiye ƙwayoyin nan sai abin da likita ya rubuta miki, tunda kullum kina asibiti ki nuna masa wuyan. Ki gasa shi, ki bar autarki ta taka miki baya. Tsoron kuma ki kira ni ki faɗa min shi duka, har wanda kike jin nauyin furtawa. Ba zan yi faɗa ba, ƴar lelena. Saurare kawai zan yi.

Allah Ya sa a yi aikin nan cikin nasara, Ya tashi kafaɗar maigidanki, Ya sauke miki abin da kika ɗauka ke kaɗai.

Mahaifiyarki,
Inna, daga Maiyama.