Yadda Na Kashe Balae Macaria Don Jikanmu Ya Sauko

Kai mai karatu, cinka mini wannan. Wace saniya ce ba ƙaho ba wutsiya, ba ta cin ciyawa, ta ƙetaro teku cikin jirgin yaƙi, kuma sai an huda ta sau biyu take ba da nono?

Ni ce Eusebia ta garin Bauan, Sebya ake ce mini. Ɗan Macaria ta garin Lipa ya auri 'yata, shi ya sa muke kiran juna Balae. Yaran sun riga mu gidan gaskiya, suka bar mana jika ɗaya tal, Fulgencio, ni Ensyo nake ce masa. A yarenmu Lola ake ce wa kaka, Aling kuma kiran girmamawa ne ga babbar mace. Ga wasiƙunmu na shekarar da Amurkawa suka tattara mutanen lardinmu na Batangas cikin garuruwa don su hana mayaƙanmu na kan dutse abinci.

Bauan, Janairu 1902

Zuwa ga Balae Macaria,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi, in dai da ma ciwon gaske ne.

Mu nan an cusa mu kamar kaji a akurki. An kwaso ƙauyuka an zube a bakin coci, an ja iyaka, duk namijin da aka gani a bayanta harbi ne. Rumbun shinkafata ina tsaye aka cinna masa wuta. Amma ba kuka na zauna rubuta miki ba, albishir ne.

Tasya mai gishiri, wadda ta kawo miki wannan a ɗinke cikin bakin zanenta, tana da takardar fita, kuma ta ga Ensyo cikin mayaƙa a kan dutse. Zazzaɓi ya cinye shi, harsashi ya ƙare musu, ya ce zai sauko ya miƙa bindiga. Ta ce, "Wane garin?" Ya ce, "Haba Aling Tasya, har sai kin tambaya? Wurin Lola Sebya mana. Kunun shinkafarta mai citta nake mafarki."

Kin ji ko? Ban ƙara ko kalma ba. Ke kika ɗauke mini shi yana ƙarami kika sa shi makaranta, kika saya masa takalmi, kika koya masa ci da cokali mai yatsu. To bai yi mafarkin cokali ba. Hannuna zai fara ɗauka ya ɗora a goshinsa yadda muke gaida manya, ke kya samu ragowa.

Allah ya bar zumunci. Taki, Sebya

Lipa, Janairu 1902

Zuwa ga Balae Eusebia mai daraja,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ƙafata lafiya lau, na gode da kulawa irin taki. Na karanta wasiƙarki da ƙyar, rubutun da abin da ke cikinsa duka.

Mu bar zancen kunu. Kin fi ni sanin abin da kyaftin ɗin Amurkawa na garinku ke yi wa masu saukowa. A kwantar da mutum a yi ta ɗura masa ruwa har sai ya faɗi sunayen abokansa. Mai lafiya ma da ƙyar yake tashi, balle Fulgencio da zazzaɓi a jiki.

A nan Lipa, laftanan ɗinsu a saman benena ya sauka, ba da son raina ba. Yana cin abincina, yana cire hula in ya gan ni. Ya yi mini alkawari cewa in jikana ya shigo ta ƙofata da bindigarsa, rantsuwar biyayya kawai zai yi, likitansu ya duba shi. Na aika wa yaron, ya ce ba zai taka gidan da ke ciyar da Ba'amurke ba.

Maganarki kaɗai yake ji. Ban taɓa rubuta layin da ya yi mini ciwo kamar wannan ba. Ki turo mini shi.

Mai girmama ki, Macaria

Bauan, Fabrairu 1902

Balae,

Gaisuwa a taƙaice. Ashe kin iya roƙo! Jiya kin ƙwace shi da makaranta, yau da laftanan. A'a. In ta kama a ƙarƙashin tabarmata zan ɓoye shi. Ni goyonsa ya karya wa baya, ke hotonsa kika rataye a falo.

Sebya

Bauan, Fabrairu 1902

Balae Macaria,

Ina gaishe ki, ki yage waccan wasiƙar.

Jiya aka fito da ɗan maƙwabciyata Iska daga wurin kyaftin a kan ƙyauren ƙofa. Da ƙafarsa ya shiga, ƙato mai saɓa buhu biyu. Uwarsa ta riga ta dama masa kunu. Ba wanda ya sha.

Don haka na kashe ki. Na aiki Tasya ta gaya wa Ensyo kina kan gargara, Fadan coci ya riga ya shafa miki man masu barin duniya, ba abin da kike kira sai sunansa. Kin san ba jikan da zai bari kakarsa ta cika bai karɓi albarkarta ba. Tasya ta ce, "Aling Sebya, ƙaryar mutuwa? Ki ji tsoron Allah!" Na ce, "Ke dai je ki, na daɗe ina son in ba da wannan labarin."

Yanzu saura naki. Ki kwanta, ki kunna kyandir, ki cire 'yan kunnen nan naki masu ƙyalli. Ki yi ta nishi, na san kin ƙware.

Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya. Tasya ta ce ko rufe baki ba ta yi ba ya miƙe yana lalubar hularsa, hawaye na zuba. Na so ya ɗan yi gardama, Balae. Ko yaya ne.

Kunun kuwa, daka cittar ake yi, ba a yankawa, a ɗan soya shinkafar kafin a zuba ruwa. Ke za ki dama da hannunki, kada ki bar wa mai aiki.

Allah ya jiƙan ki. Taki, Sebya

Lipa, Maris 1902

Zuwa ga Balae Eusebia mai daraja,

Bayan gaisuwa, ya iso, kuma yana raye.

Na kwanta yadda kika umarta har bayana ya ƙage. Da rana tsaka ya shigo, ya jingine bindiga a bakin ƙofa, ya durƙusa ya ɗora hannuna a goshinsa. Sai ya ɗago ya ce, "Lola, yaushe masu mutuwa suka fara warin tafarnuwa?" Na ce, "Kakarka ta Bauan ce ta kashe ni." Ya yi dariya har ya kife, kuma bai tashi ba sai da aka ɗauke shi.

Na dama kunun da kaina. Ya kurɓa ya ce, "Ba nata ba ne," ya amayar. Na san wannan zai yi miki daɗi, amma kada ki yi saurin murna. Komai muka ba shi sai ya dawo, har na fara fid da rai. Sai laftanan ya sauko da wani farin abu mai kauri da zaƙi daga cikin kayan sojansu, aka dama da ruwan zafi. Shi ya zauna masa a ciki.

Yanzu ya yi rantsuwar, ya miƙe, ya yi kumatu. Wuni yake a sama wurin laftanan yana koyon Turancinsu, an ce za a kai shi Manila aikin tafinta. Jiya na miƙa masa hannu ya sa a goshi, sai ya kama ya girgiza yadda suke yi, yana dariya.

Ya ce in gaishe ki.

Mai girmama ki, Macaria

Bauan, Afrilu 1902

Balae,

Barka da tashi daga matattu. An buɗe mana iyaka, ina tafe da cittata. Ki shimfiɗa mini tabarma a ƙasa kusa da matakala, mu zauna mu biyu muna kallonsa yana hawa yana sauka.

"Ya ce in gaishe ki." Shi ke nan saƙon? Ni na goya, ke kika ilimantar, ni na yi ƙarya, ke kika mutu, kuma daga ni har ke ba wadda ta samu. Ki ajiye mini abin nan ko cokali ɗaya ne, in ɗanɗana wadda ta fi mu.

Sai na zo. Taki, Sebya

Na ɗanɗana, mai karatu, kuma da daɗi, abin haushin ke nan. Saniyar nan gwangwanin madara ce.